Tsatsa a Kayan Noma: Abin da Ke Jawo Ta da Yadda Ake Taka Mata Birki

Duk manomin da ya taɓa ɗauko garmarsa a farkon damina ya tarar bakin da ya bari yana sheƙi ya koma ja kamar an barbaɗa masa jar ƙasa, ya san aikin tsatsa. Haka ma wanda ya zo kwance noti ɗaya a jikin haro, aikin da bai kamata ya ci minti biyu ba, amma ya wuni yana fama da sufana har ƙarshe notin ya karye. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne mafi yawan wannan ɓarnar a wurin ajiya take faruwa. Ƙarfen da ke aiki kullum ƙasa na goge shi, rana na busar da shi, mai shi na ganinsa. Sai an jingine shi na watanni ne ake cinye shi a hankali, kuma yadda aka ajiye shi a ranar ƙarshe ta aiki shi ke yanke hukuncin yadda za a same shi.

Asarar ba ƙarama ba ce. A shekarar 2016 ƙungiyar NACE International, ta masana lalacewar ƙarafa da ke Amurka, ta ƙiyasta cewa zaizayar ƙarfe na ci wa duniya kimanin dala tiriliyan 2.5 a shekara, wato kashi 3.4 cikin 100 na arzikin da duniya ke samarwa. Lissafin ya haɗa da gadoji da bututun mai da jiragen ruwa, kayan gona wani yanki ne kawai. Amma abin da ya fi jan hankalina a rahoton shi ne cewa za a iya kauce wa kashi 15 zuwa 35 na asarar da dabarun da aka riga aka sani.

Ƙarfe na neman komawa inda ya fito

Ba a haƙo baƙin ƙarfe daga ƙasa a yadda muke ganinsa. Tama ake haƙowa, ita kuwa tama ƙarfe ne da ya haɗe da iskar oksijin tun fil azal. A manyan masana'antu akan zuba ta a wuta mai zafin da ya kai digiri 1,500 don a raba su. Daga ranar da aka raba su, ƙarfen na neman hanyar komawa ga abokiyar zamansa, kuma jan garin nan da muke kira tsatsa ɗan'uwan tama ne na jini. Shi ya sa babu maganin da zai kashe tsatsa har abada. Jinkirta ta ake yi, kuma ana iya jinkirta ta na shekaru masu yawa.

Abu uku take buƙata, kamar duwatsun murhu: ƙarfe, oksijin, da ruwa. A cire ɗaya, tukunyar ba za ta zauna ba. Ƙarfen dai shi ne kayan aikin. Oksijin kuwa ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, ba mai iya korar ta daga gona. Saura ruwa, kuma a kansa ne manomi ke da iko.

Yadda abin ke gudana ya cancanci a tsaya a kai, domin shi ke bayyana abubuwan da ke ɗaure wa mutane kai. Ɗigon ruwa ɗaya a kan ƙarfe ƙaramin batir ne. A tsakiyar ɗigon, inda iska ba ta isa sosai, ƙarfe ke narkewa ya shiga ruwa, ya saki ƙwayoyin lantarki. Su kuma sai su bi ta cikin ƙarfen zuwa gefen ɗigon, inda oksijin ta fi yawa, ta karɓe su. Abin da ya fito daga ɓangarorin biyu ya haɗu ya zama tsatsa. Ma'anar wannan ita ce wurin da ya fi ƙarancin iska shi ake ci, muddin yana da jiƙa kuma yana haɗe da wurin da iska ke samu. Saboda haka ne za ka ga saman faifan haro da ke fuskantar rana yana da ɗan ja kawai, amma in ka ɓamɓare busasshiyar lakar da ta manne a gindinsa sai ka tarar da ramuka. Ƙarƙashin wasa (zoben nan da ake sawa a gindin noti), tsakanin ƙarafa biyu da aka ɗaure da noti, cikin bututun da ruwa ya shiga ya rasa mafita, nan ne take yin aikinta na gaske.

Ba sai an yi ruwan sama ba. Da zarar laimar iska ta haura kusan kashi 60 cikin 100, wani siririn ruwa da ido ba ya gani yakan kwanta a jikin ƙarfe, kuma ya isa a fara. Ga kuma raɓa: da dare ƙarfen da ke fili yakan yi sanyi fiye da iskar da ke kewaye da shi, da asuba a same shi sharkaf. Jiƙa da bushewa, jiƙa da bushewa, wannan juyin ya fi nutsewa a ruwa gaba ɗaya ɓarna.

Da tsatsa za ta yi ɓawo mai ƙarfi ta tsaya, da ba a damu ba. Haka alminiyam ke yi, iska na taɓa shi sai ya yi wata siririyar fata da ke rufe shi ruf, shi ke nan. Tsatsar baƙin ƙarfe kuwa kamar soso take, tana shan ruwa ta riƙe, tana ɓarewa ta buɗe sabon wuri. Sannan tana kumbura, ta ɗauki wurin da ya ninka na ƙarfen da ta ci sau da yawa. Kumburin nan ne ke ƙame noti a jikin zarensa, shi ke ɗaga fenti ya yi bororo, shi ke buɗe tsakanin ƙarafa biyu har walda ta tsage.

Gona tana da nata gishirin

A ma'aunin ISO 9223, wanda ake kasafta ƙarfin cin iska da shi, ƙarfe tsirara da aka bari a tsabtatacciyar iskar karkara ba ya rasa fiye da kashi 1 cikin 40 na milimita a shekarar farko. A bakin teku ko kusa da masana'antu masu hayaƙi yakan rasa har kashi 1 cikin 5 na milimita. To in haka ne, me ya sa injin watsa taki da bai taɓa ganin teku ba yake hujewa cikin 'yan shekaru?

Amsar tana cikin buhun. Takin zamani gishiri ne a idon ƙarfe. Fotash da ke cikin yawancin takin kamfa yana ɗauke da kuloraid, sinadarin da ke sa ruwan teku cin jirgi. Gishiri na yin ɓarna biyu a lokaci ɗaya: yana sa ruwa ya fi ɗaukar lantarki, batirin nan da muka ambata ya ƙara ƙarfi, kuma yana jawo ruwa daga iska da kansa. Takin amoniyam naitiret yakan fara jiƙewa da zarar laima ta kai wajen kashi 60 cikin 100, yuriya kuwa sai ta haura 70. In aka gauraya su biyun, ko a busasshiyar iska sai su narke. Saboda haka ɗan garin takin da ya maƙale a kusurwar mazubi, ko a haƙoran sarƙa, zai jiƙa ƙarfen ko da injin na cikin ɗaki mai rufi. Wanda ya ajiye buhunan taki a ɗaki ɗaya da tarakta ya kwantar da kura da akuya wuri guda.

Kashin dabbobi da fitsarinsu ma haka ne, ga gishiri ga amoniya ga danshin da ba ya ƙarewa. Ƙafafun shingen garke da ƙasan baro da gindin tirela su ne shaida. Ɗanyar ciyawa da ƙaiƙayin da suka cushe a cikin injin casa suna riƙe ruwa, in suka ruɓe kuma su yi tsami.

Magungunan feshi nasu daban ne. Masu ɗauke da jan ƙarfe, irin waɗanda ake fesa wa cututtukan ganye, suna cin baƙin ƙarfe kai tsaye. In ka tsoma ƙusa a ruwansu za ta iya fitowa da jan rufi, alamar jan ƙarfen ya kwanta ƙusar kuma ta fara narkewa. Maganin ciyawa na gilaifoset kuwa takardar jikinsa ta yi gargaɗi ƙarara cewa kada a haɗa shi ko a ajiye shi a tankin baƙin ƙarfe marar rufi ko mai rufin tutiya, domin yana iya haifar da iskar haidirojin mai kama wuta.

Akwai kuma rigimar ƙarafa biyu mabambanta. Duk inda suka haɗu da jiƙa a tsakaninsu, ɗaya zai ci ɗaya. Kan famfo na tagulla a bakin bututun ƙarfe, bututun ne zai lalace daidai mahaɗar. Notin ƙarfe a jikin alminiyam, alminiyam ɗin ne zai zama farin gari. Masu injin ban ruwa sun san wannan ko da ba su san sunansa ba. Wasar roba ko shafin giris a tsakani na rage shi ƙwarai.

In ta riga ta kama

Kafin a taɓa komai, a fara sanin zurfinta. Wadda ke sama-sama, da za a goga da tsumma ta bar ja, ba abin tashin hankali ba ce. Wadda ta yi ɓawo tana ɓarewa ta riga ta ci nama. Mai ramuka ita ce munafuka, bakin ramin ƙarami cikinsa da faɗi. Guduma ƙarama ta isa gwaji: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai zaƙi, wanda ya mutu kuwa sai ka ji dum, wani lokaci ma bakin sukundireba ya shige.

Aikin farko wanki ne, kuma shi aka fi tsallakewa. In aka hau gurza ba a wanke gishiri da maiƙo ba, tura su ake yi cikin ramukan. Ruwa da sabulu, a bushe, sannan a zo da burushin waya, da samfefa mai kaushi a bi da mai laushi, ko injin gurza in wurin na da faɗi. Burushin waya na inji yana da wata yaudara: yakan goge saman tsatsa ta yi baƙi tana ƙyalli, mutum ya ɗauka ya kai ga ƙarfe. A karce da wuƙa a gani. Manyan kaya kamar gangar jikin tirela, fesa musu tsakuwar gurza da iska mai ƙarfi ya fi komai fitar da su, sai dai ba da yashi ba. Ƙurar yashi na jawo cutar huhu da ba ta warkewa, shi ya sa ƙasashe da dama suka hana wannan aikin da shi. Tsohon fenti ma, musamman jan nan na da, yana iya ƙunsar dalma. Tabarau da takunkumi wajibi ne.

Ƙananan kaya, irin su sufana, almakashin aski na bishiya, lauje, noti da sarƙa, sun fi sauƙi da jiƙo. Ruwan kal na kasuwa yana da asid kimanin kashi 5 cikin 100, in suka kwana a ciki tsatsar kan yi laushi ta fita da burushi. Garin asid na lemon tsami da aka narka a ruwan ɗumi ma yana yi. Sai dai asid bai san inda tsatsa ta ƙare ƙarfe ya fara ba, in aka manta kwana uku za a tarar da kaifin ya tafi. Bayan an cire a ɗauraye da ruwan da aka narka soda a ciki don a kashe tsamin, a busar nan take, a shafa mai kafin a tashi daga wurin. Ƙarfen da ya fito daga asid tsirara yake haihuwar uwarsa, cikin mintuna zai fara sabon ja.

Ruwan batir da asid mai ƙarfi na wanke siminti, waɗanda wasu ke ɗauka saboda sauri, ni dai ban ga ribarsu ba. Suna ƙona fata da ido. Na wanke simintin yana barin kuloraid a ramuka, ko tururinsa kaɗai ya isa ya sa duk ƙarfen da ke ɗakin ya yi tsatsa. Sannan asid kowane iri na iya sa ƙarfe mai tauri, kamar sifirin da notin da ke ɗaukar nauyi, ya yi gautsi ya karye ba gargaɗi, saboda haidirojin da ke shiga jikinsa.

Akwai wata dabara da ba ta cin lafiyayyen ƙarfe ko kaɗan, wato cire tsatsa da lantarki. A samu bokitin roba, a zuba ruwa da sodar wanki kimanin babban cokali 1 a kowace lita 4. A rataya kayan da ake son wankewa a ciki a haɗa shi da baƙar wayar cajar batir mai bolt 12, a tsoma wani tarkacen baƙin ƙarfe a gefe a haɗa shi da jar waya, kada su taɓa juna. Kumfa zai fara tashi, bayan sa'o'i tsatsar ta saki. Juya wayoyin kuskure ne mai tsada, kayan naka ne zai narke. A yi a fili saboda kumfan haidirojin ne, kuma kada a sa farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa (stainless steel) a matsayin tarkacen, yana sakin gubar kuromiyam a ruwan.

Inda hannu ba ya kaiwa, ko inda ba za a iya gurzawa har ƙasa ba, nan ne ruwan juya tsatsa ke da amfani. Yawancinsa asid ɗin fosfarik ne, ko tanin, sinadarin nan na ɓawon itatuwa da majema ke jima da shi, ko duka biyun. Suna haɗuwa da tsatsar su mayar da ita wani baƙin ɓawo da ba ya ci gaba da yaɗuwa. Amma siririyar tsatsa mai manne suke iya juyawa. In aka shafa a kan ɓawo mai kauri, sama ce za ta yi baƙi, ƙasa na nan da ranta. Kuma dole a bi da fenti.

Notin da ya ƙame kuwa haƙuri yake so. A goge zaren da ke waje, a ɗiga man da ke ratsawa, a ɗan bubbuga da guduma, a bar shi ya kwana. In za a juya a fara ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan, sannan a dawo, ana kai da komo. In ya ƙi, a gasa notin da wuta ya buɗe, amma nesa da tankin mai da tayoyi da robobin haidirolik. Ranar mayarwa a shafa giris a zaren, don wanda zai kwance shi baɗi, wanda galibi kai ne.

Fenti, tutiya, da abin da ba a fentawa

Shafa fenti a kan tsatsa kitso ne da ƙwarƙwata. Yakan yi kyau wata biyu ko uku, ƙarƙashinsa kuwa danshi da gishirin da aka rufe na ci gaba da aiki, har ma fiye da da, tunda yanzu ba sa bushewa. Ingancin fenti ya fi dogara ga shirin da aka yi wa ƙarfen fiye da sunan da ke jikin gwangwani. A goge maiƙo, a bar fuskar da ɗan kaushi don fentin ya samu abin kamawa, a sa fentin ƙasa a ranar da aka gurza, ko jan nan na ƙarfe, ko mai sinadarin tutiya, ko ifoksi ga wurin da taki ke taɓawa. Sannan fentin sama, shafi biyu marasa kauri. Fentin ƙasa shi kaɗai ba ya hana ruwa shiga na dogon lokaci, amma sau nawa ake ganin tirela ta shekara da jan fentin ƙasa ana cewa an gama?

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida: ba a fenti sai zafin ƙarfen ya ɗara zafin da raɓa ke sauka da aƙalla digiri 3, kuma laima ba ta wuce kashi 85 cikin 100 ba. A aikace, ban da sassafe, ban da gab da magariba, ban da ranar hadari. A fi ba gefuna da kusurwoyi da layin walda kulawa, don a nan fenti ke yin siriri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙaramin gwangwani da burushi na taɓa duk inda ya karce sun fi babban fenti na shekara biyar sau ɗaya.

Rufin tutiya ya fi fenti wayo. Injiniyan Faransa Stanislas Sorel ne ya yi rajistar dabarar a 1837: a tsoma ƙarfe a narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450. Ko an karce rufin, tutiyar da ke kewaye ce ke lalacewa a madadin ƙarfen, wato rigimar ƙarafa biyun nan ce aka juya ta zama alheri. Ga shinge da bututu da mazubin ruwa, yana kai shekaru da dama. Rauninsa shi ne asid da taki da kashin dabbobi, suna cinye shi da wuri. Mai walda kuma ya kiyayi farin hayaƙinsa, yana sa zazzaɓi da ciwon jiki, kuma wurin da aka yi waldar ya rasa kariyarsa sai an shafa fenti mai tutiya. Ƙarfe marar tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Shefild ta Ingila a 1913, yana da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi ke yi masa fata irin ta alminiyam. Yana da tsada, amma ga faifan watsa taki da notocinsa ya cancanci kuɗinsa.

Bakin garma da faifan haro da kaifin fartanya ba sa riƙe fenti, ƙasa za ta goge shi a kunya ta farko. Kuma sheƙinsu ba ado ba ne. A shekarar 1837, wani maƙeri mai suna John Deere a jihar Ilinoi ta Amurka ya ƙera garma daga tsohon ruwan zarto mai santsi, domin ƙasar yankin mai danƙo tana manne wa garmunan da ake da su, manomi na tsayawa kowane 'yan taku yana kankarewa. Santsin nan ne ya kafa kamfanin da ke ɗauke da sunansa har yau. Garmar da ta yi tsatsa ta koma waccan matsalar: ƙasa na mannewa, kunya ba ta juyuwa da kyau, shanu ko tarakta na ja da ƙarin wahala har sai ta sake gogewa. Maganinta giris ko mai mai kauri a ranar da aka gama aiki, tun tana sheƙi.

Man feshi irin su WD-40, wanda aka ƙirƙira a 1953 a San Diyego don kare jikin makami mai linzami na Atlas, yana korar ruwa yana sassauta abin da ya ƙame, amma siriri ne, ba zai riƙe garmar da ke waje wata shida ba. Baƙin man da aka juye daga inji kuwa, gaskiya yana hana tsatsa, shi ya sa ake ta amfani da shi. Sai dai yana ɗauke da dattin ƙonuwa da burbushin ƙarafa, yawan taɓa fata da shi na da illa, kuma duk abin da aka shafa wa garma a gona zai ƙare. Ga wuƙa da lauje da duk abin da ke taɓa amfanin gona, man tsirrai ya fi dacewa ko da yana yin danƙo.

Wurin ajiya shi ne rabin yaƙin. Rufi a sama, iska na ratsawa, kaya ba sa taɓa ƙasa. Ƙasa na fitar da danshi ko da rani, don haka a ɗora garma da haro a kan katako ko bulo, a rataye ƙananan kaya. Tamfol da aka naɗe inji da shi ruf har ƙasa gudun gara ne a faɗa gidan zago: danshin da ke tashi daga ƙasa ya taru a ciki, rana ta dafa shi, dare ya mayar da shi ruwa a jikin ƙarfen. In tamfol ne kaɗai ake da shi, a ɗaga shi kamar rumfa a bar gefuna a buɗe. Tirela da baro a karkata su, a kuma buɗe ramukan zubar ruwa da laka ta toshe.

Bayan wankin ƙarshe na shekara, musamman in da injin wanki mai ƙarfi aka yi, a bi kowane boris a ɗura giris har sai sabo ya turo tsoho waje, don ruwan da ya kutsa ya fita. A shafa wa sarƙa mai, a ɗan kunna injin ya juya. Sandar haidirolik mai sheƙi a mayar da ita ciki, in ba za ta koma ba a shafe ta da giris, domin ƙaramin rami ɗaya a jikinta zai yanka robar da ke tare mai. Tankin dizal na ƙarfe a cika shi kafin dogon ajiya, tunda iskar da ke cikin tanki rabi ita ke zubar da raɓa. Lagireto kuma yana son ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa, ruwa zalla na cin injin daga ciki. Masu ɗura ruwan gishirin kalsiyam a taya don ƙarin nauyi su riƙa duba bakin bawul, ɗan yoyo kaɗan ya isa ya cinye wili.

Akwai inda gyara ya ƙare. Fil ɗin da ke riƙe tirela, sarƙar ɗaga kaya, ƙarfen da ke kare direba in tarakta ta kife, waɗannan in tsatsa ta rage musu kauri sauya su ake yi. Tankin injin matsa iska (kwamfireso) ya fi su haɗari, domin daga ciki yake ruɓewa saboda ruwan da ke taruwa a gindinsa, shi ya sa ake buɗe ɗan famfon ƙasa a zubar bayan aiki. Wanda ya fara yoyo ya gama aiki, liƙe shi da walda gayyatar fashewa ce.

Sai batun rauni. Mutane na cewa tsatsa ce ke kawo tetanos, cutar nan da ke ƙame muƙamuƙi ta sandarar da jiki. Ƙwayar cutar a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, tsatsar ba ta haifar da ita. Abin da ya haɗa su shi ne tsohon ƙarfen da ya daɗe a ƙasa yana da kaushin da ke riƙe datti, kuma yana yin rauni mai zurfi inda iska ba ta shiga, irin wurin da ƙwayar ke so. Sabuwar fartanya mai sheƙi da ta sha ƙasar garke na iya jawo ta daidai da tsohuwa. Duk raunin da ya yi zurfi a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu nan take, a je asibiti a ranar, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya yaushe aka yi allurar rigakafin ƙarshe. Ga babban mutum, a ƙasashe da dama ana sabunta ta duk bayan shekara 10.